Gwani da Ɗingishinsa

A cikin wasannin gem na ƙwallon kwando akwai wani shafi da ya fi filin wasan kansa cin lokacin mutane. Shi ne shafin da ake ba ka dama ka ƙera ɗan wasa da hannunka: ka zaɓa masa tsawo da nauyi, ka tsawaita hannuwansa ko ka gajarce su, ka ba shi fuska da suna da lambar riga, sannan ka zo kan babban aikin, wato rabon baiwa. Gudunsa nawa, tsallensa nawa, ƙarfin ƙirjinsa nawa, saitin jifansa daga nesa nawa. Kowace baiwa tana da ma'auni da ke tashi daga 25 ya tsaya a 99. Abin da ke faruwa a gaban wannan shafi ya cancanci a tattauna shi a wannan zaure namu, ko da yake na san wasu dattawan zauren za su ce yau kuma wasan yara aka kawo musu.

Wasan da ya mamaye wannan fage shi ne NBA 2K, wanda kamfanin Visual Concepts na Amurka ya fara fitarwa a 1999 a kan na'urar Dreamcast, da hoton Allen Iverson a bangonsa, kuma tun daga lokacin kowace shekara sai an fitar da sabo. A shagunan gem na unguwanninmu, daga Briketeri a Yawunde har New Bell a Duwala, ƙwallon ƙafa ce sarauniya, babu mai ja. Amma tun da 'ya'yan Kamaru biyu suka yi suna a gasar NBA, Joel Embiid haifaffen Yawunde da Pascal Siakam haifaffen Duwala, dukansu haihuwar 1994, sai ƙwallon kwando ta sami 'yan tsirarun masoya masu naci. Ina cikinsu.

Ƙofa biyu ake shiga wajen ƙera ɗan wasa, kuma bambancinsu shi ne tushen maganata. Ta farko ita ce wadda aka fara buɗewa a NBA 2K10, wadda daga baya aka sa wa suna MyCareer, inda mutum ke rainon ɗan wasa guda tun daga shigarsa gasar. A nan an yi maka shinge. Ɗan wasanka yana farawa da jimillar maki 60, kuma kafin ya taka fili sai ka ƙayyade iyakar da kowace baiwarsa za ta iya kaiwa. Abin kamar kuɗin cefane yake: in ka zuba da yawa a nama, mai zai yi ƙaranci. Jiki ma yana da nasa hukunci. Ka ƙara nauyi, ƙarfi ya hau, gudu ya sauka. Ka tsawaita hannuwa, tare jifan abokin hamayya ya yi sauƙi, saitin naka jifan ya ragu. Ka ƙara tsawo, iyakar iya sarrafa ƙwallo ta sauko. An sha sauya fasalin wannan shinge. A 2K17 an kasa 'yan wasa gida-gida, wannan maharbi, wancan mai tsaro. A 2K20 an kawo wani faifai mai yanka-yanka kamar kankana, kowane yanki da nasa rabo. Daga baya aka bar mutum ya raba da kansa. Manufar dai ɗaya ce, kada a sami wanda ya iya komai, domin masu karawa da juna ta intanet in suka gano fasali guda da ya fi kowanne, shi kowa zai ƙera, fili ya cika da mutum ɗaya a cikin riguna goma.

Ƙofa ta biyu ba ta da shinge. Ita ce wadda ake gyara jerin 'yan wasan ƙungiyoyi, a ƙirƙiri sabo a cusa shi cikin kowace ƙungiya aka ga dama. A nan babu kasafi, babu alƙali. Mu kuwa da intanet ɗinmu ke da tsada da yawan yankewa, wannan ƙofa muka fi shiga, don haka tambayar da kamfani ke amsa wa 'yan ƙasashen waje, mu da kanmu za mu amsa ta: me za ka hana ɗan wasanka, alhali babu wanda ya tilasta maka ka hana shi komai?

Amsar yawancin masu farawa ita ce ba za su hana shi komai ba. Sai ka ga an ƙera wani zabgege mai tsawon mita 2.20, yana gudu kamar barewa, yana jifa daga tsakiyar fili, kowane ma'auni an tura shi ya bugi 99. Masu wasan a Turai da Amurka suna kiran irinsa da wani suna mai nufin rabinsa mutum rabinsa abin bauta, sunan da bakin Musulmi ba ya son maimaitawa. Mu dodo muke ce masa. Wasan farko da dodo akwai daɗi, ana ihu ana tafi. A wasa na uku babu mai son karawa da shi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mai dodon ma gajiya yake yi. Na ga yaron da ya ci maki 80 shi kaɗai, ya ajiye linzamin wasan yana hamma, domin tun kafin a fara ya san yadda za a ƙare, kuma a ransa ya san hannunsa bai yi wani abin a zo a gani ba.

Masu yi mana tatsuniya sun riga masu gem gano wannan. Gizo yana da wayo, amma kwaɗayi ba ya barinsa ya ci ribar wayon, ga shi kuma da tsamin baki. Kura tana da ƙarfi da haƙori, wauta ce ke kai ta rami. Da an ba Gizo ƙarfin Zaki da haƙurin Kunkuru, da tun a jimlar farko an ce ƙurunƙus. Ko a dambe, hannu ɗaya ake ɗaurewa a kai duka da shi, ɗayan kariya ne, kuma 'yan kallo sun san ta wane gefe kowane ɗan dambe yake buɗewa.

Amma ba sai mun je tatsuniya ba, domin gasar da gem ɗin ke kwaikwayo cike take da gwanaye masu ɗingishi. Shaquille O'Neal, mai tsawon mita 2.16, ya ɗauki kofin gasar sau huɗu, kuma a shekarun ganiyarsa babu mutum ɗaya da zai iya tare shi a ƙarƙashin kwando. Sai dai akwai jifan kyauta, wanda ake ba ɗan wasa in an yi masa ƙeta, ya tsaya a kan layi babu mai tare shi. A nan ƙaton yake zama abin tausayi. A tsawon rayuwar wasansa kashi 52.7 cikin ɗari kawai ya ci, ya zubar da fiye da 5,000, kuma a wani wasa a Disamban 2000 ya jefa 11 bai ci ko ɗaya ba. Jifan nesa mai maki uku kuwa, guda ɗaya tak ya taɓa ci. Masu horar da ƙungiyoyin hamayya suka mai da wannan rauni dabara: in wasa ya zo ƙarshe sai su sa a riƙa yi masa ƙeta da gangan, a tura shi layin da yake tsoro. Ƙungiyarsa kuma dole ta yi lissafi, a bar shi a fili ko a fitar da shi. Duk wannan tunani, duk wannan bugun zuciya na mintunan ƙarshe, daga ma'auni ɗaya mai rauni ya fito. Wanda ya ƙera O'Neal a gem ya ba shi jifan kyauta 90, wani mutum dabam ya ƙera.

Misalin da na fi so shi ne na mutum biyu da suka taɓa sa riga ɗaya a ƙungiyar Washington a kakar 1987 zuwa 1988. Manute Bol, ɗan ƙabilar Dinka daga yankin da yanzu yake Sudan ta Kudu, tsawonsa mita 2.31, amma siriri ne kamar kara, nauyinsa bai kai kilo 100 ba lokacin da ya shiga gasar. Ya gama wasa da tare jifa 2,086 da cin maki 1,599, wato ƙwallayen da ya kaɗe sun fi makin da ya ci yawa. Tsawon da ya sa hannunsa ya zama rufi a kan kwando, shi ne ya bar shi da jikin da kowane mai ƙirji zai ture. Abokin wasansa Muggsy Bogues kuwa mita 1.60 ne, mafi gajarta a tarihin gasar, amma ya yi kaka 14 a cikinta. Gajartarsa ta sa ƙwallo ba ta nisa da ƙasa a hannunsa, ba a iya ƙwace ta, shi kuma yana shiga ƙarƙashin dogaye ya zare tasu. A duk shekarun nan jifa 39 kawai ya tare, kuma ɗaya daga ciki na Patrick Ewing ne mai mita 2.13, abin da har yau ake ba da labarinsa saboda ƙarancinsa.

Abin da nake ɗauka daga waɗannan biyu shi ne raunin kirki daga gindin ƙarfi yake tsirowa. Ba lissafin tara da ɗebewa ba ne kawai, a ce an ba ka goma a nan sai a cire goma a can ko'ina ne. Akwai rauni na ƙarya, kuma masu wasa ta intanet sun ƙware a kansa. A filin da ake kira Park, inda ake karawa zuwa maki 21, ba a yin jifan kyauta, don haka wanda a can yake wasa sai ya tura wannan ma'auni ƙasa, ya kwashe rarar ya zuba a inda zai amfane shi. A takarda yana da rauni, a fili ba shi da shi. Kamar mutum ne ya ce ya yi sadaka da rigar da ta yi masa kaɗan. Raunin gaskiya shi ne wanda abokin hamayya zai iya gani, ya nufa, ya matsa, har sai ka nemi wanda zai rufe maka. Dennis Rodman ya jagoranci gasar wajen cafke ƙwallon da ta ɓaro daga kwando kaka bakwai a jere, alhali matsakaicin makinsa a wasa bai kai takwas ba. Ba zai ci maka wasa shi kaɗai ba, amma Michael Jordan ya ɗauki kofi uku tare da shi. Mutum biyar ake sawa a fili, kuma in ɗaya ya iya aikin biyar ɗin, huɗun sun zama 'yan rakiya.

Akwai wani ɓangare na shafin ƙera ɗan wasa da yawancin matasanmu ba sa buɗewa, kuma a ganina nan ne ran abin yake. Bayan ma'aunan baiwa akwai ma'aunan ɗabi'a, waɗanda ke gaya wa na'ura yadda ɗan wasan zai riƙa yi in ba kai ke riƙe da shi ba: sau nawa zai yi jifan nesa, sau nawa zai kutsa, sau nawa zai miƙa wa wani, sau nawa zai yi kasadar ƙwace ƙwallo har ya bar bayansa a buɗe. Baiwa ita ce abin da mutum zai iya, ɗabi'a ita ce abin da yake yi. Ka ba ɗan wasa saitin jifa 70, ka ba shi ɗabi'ar jifa 95, ka sami mutumin da ya ɗauki kansa maharbi alhali ba haka ba ne. Wane ne a cikinmu bai san irinsa ba? Ka ba wani saiti 88 da ɗabi'ar jifa 30, ka sami gwanin da kunya ke hana shi nuna gwanintarsa, wanda sai an yi ta yi masa tsawa kafin ya jefa. Waɗannan biyu sun fi kowane dodo kama da mutanen da muke sallah tare da su.

A majalisarmu, mu takwas ne masu wannan wasa, kuma da rikicin dodanni ya ishe mu sai muka yi wata ƙa'ida. Kowa zai ƙera ɗan wasa da sunansa, ya zaɓi baiwa biyu da yake so su haura 85. Amma raunin ba shi zai zaɓa ba, abokansa ne za su zaɓa masa, kuma sai sun kafa hujja da halinsa na zahiri. Daren da aka yi wannan rabo an yi dariya har da hawaye, an kuma yi fushi. Wani tela a cikinmu, mai hannu kamar walƙiya, an ba shi sarrafa ƙwallo 90 ba gardama, aka kuma sauke masa juriya zuwa 55, bisa hujjar cewa bai taɓa cika alkawarin ɗinkin sallah a kan lokaci ba, kullum a kashi na huɗu yake gajiya. Ya karɓa da murmushi. Ƙanena kuwa bai karɓa ba. Shi gajere ne, kuma duk dodannin da ya taɓa ƙerawa dogaye ne. Da aka ce tsawonsa na gaskiya za a sa, ya miƙe ya ce, "Yaya, in a gem ɗin ma sai na zauna gajere, to me ya kawo ni?" Majalisa ta yi tsit, domin maganar ta wuce wasa. Babban cikinmu ya ce, "Zauna, ɗan'uwa, a ba ka gudu da hannu, mu ga dogon da zai kama ka." Aka ba shi. Makonni ya yi yana shan kaye, ana yi masa jifa ta saman kai. Yanzu shi ne wanda kowa ke so ya faɗo ƙungiyarsa in an yi ƙuri'a, saboda ƙwallo ba ta kwana a hannunsa, kuma ya koyi jira a inda dogo zai sauko da ita.

Ba na cewa duk wanda ya ƙera dogo yana gudun kansa ne. Gem wurin mafarki ne, kuma talaka ma yana da haƙƙin ya yi mafarkin dankara ƙwallo a kwando. Haka kuma ba na ɗaukar shingen kamfanin a matsayin gaskiya tsantsa, domin duniya ta sha ƙaryata shi. A kakar 2015 zuwa 2016 Stephen Curry ya ci jifan nesa 402, yawancinsu irin waɗanda gem ɗin ke ɗauka wauta ce ya hukunta mai yin su, har daraktan sashen wasa na NBA 2K, Mike Wang, ya amsa a lokacin cewa suna kan neman yadda za su sa Curry na gem ya yi abin da Curry na fili ke yi. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya fi kowa tare jifa a tarihin da aka rubuta na gasar, 3,830, amma yana da ƙafafun mai tsaron raga, aikin da ya yi a ƙwallon ƙafa tun yana yaro, yana murɗa dogaye 'yan'uwansa kamar ƙaramin ɗan wasa. A Fabrairun 1995, yana azumin Ramadan, aka zaɓe shi gwarzon wata, abin da babu ma'aunin juriya da zai iya lissafawa. Victor Wembanyama na Faransa, wanda aka fara zaɓa a 2023, ya haura mita 2.20 yana kuma jifan nesa, wato dodon da muke hana yara ƙerawa uwa ta haife shi. Nikola Jokic na Sabiya kuma matsala ce ta wani gefen. Sai a lamba ta 41 aka zaɓe shi a 2014, ba ya gudu, ba ya tsalle, amma ya zama gwarzon gasar a 2021 da 2022 da 2024, saboda yana ganin inda abokinsa zai kasance kafin abokin ya sani. A gem, wannan gani a idon mai riƙe da linzami yake, ba a iya zuba shi a ma'auni.

Sannan rauni ba zanen dutse ba ne. Siakam namu, wanda Toronto ta zaɓa a lamba ta 27 a 2016, ya ci kashi 22 cikin ɗari na jifansa na nesa a kakarsa ta biyu, masu tsaro suna ja da baya su bar shi ya jefa. A kaka ta uku ya kai kusan kashi 37, aka ba shi kyautar wanda ya fi kowa ci gaba, ƙungiyarsa kuma ta ɗauki kofin 2019. Wanda zai ƙera irinsa da gaskiya sai ya bar masa gurbin girma, ya fara da shi a ƙasa, ya sa ma'aunin abin da zai iya zama a sama, ya yi haƙuri da shekarun koyo. A MyCareer wannan haƙuri yana da farashi, domin ana ɗaga baiwa ne da kuɗin cikin gem mai suna VC, wanda ake tarawa da wasa a hankali ko a saya da kuɗin gaske nan take, kuma in sabon wasa ya fito a shekara mai zuwa sai a koma 60. A nan raunin ɗan wasa yakan zama raunin aljihun mai shi, kuma wannan ba irin daidaiton da nake yabo ba ne.

Akwai ma'auni ɗaya da ya rage, wanda yake can ƙasan shafi: ƙarkon gaɓoɓi. Gem ɗin yana ba kowane sashe na jiki makinsa, baya, gwiwa, idon sawu, ƙafa, kuma makin ne ke nuna saurin jin rauni. Duk ɗan Kamaru da ya bi rayuwar Embiid ya san nauyin wannan. Philadelphia ta zaɓe shi a lamba ta uku a 2014, karayar ƙashin ƙafa ta hana shi taka fili kaka biyu cur, a ta uku wasa 31 ya buga. Ya zama gwarzon gasar a 2023. A Janairun 2024 ya ci maki 70 a wasa ɗaya, kuma kafin watan ya ƙare ya ji rauni a gwiwarsa ta hagu, raunin da ya kai shi ga tiyata. Maganar rigar Amurka da ya zaɓa a gasar Olamfik ta 2024 ba yau za mu buɗe ta ba. Amma babu wanda zai ba da labarinsa da gaskiya ya tsallake ƙafar nan da gwiwar nan, kuma babu Embiid na gem da zai yi kama da shi in an bar su a 99.

A majalisarmu mun yarda a rage mana gudu, a rage mana saiti, a tona mana halin rowa da ƙwallo a gaban kowa. Da aka gangaro kan layin gwiwa da ƙafa, mai riƙe da linzami ya dubi fuskokinmu, wani ya ce Allah ya tsare, aka ce amin, aka wuce. Mu takwas ɗin duka gaɓoɓinmu suna nan a 99.